Robar Man Kaɗe

Ƙanena Siddiƙ ne ya kawo fim ɗin gidana, kuma har yau idan raina ya ɓaci shi nake fara zagi, ko da yake na san ba a kansa laifin ya tsaya ba. Katun ne na yara, irin na zane mai motsi. Ya tura shi cikin wayata saboda 'yata Ruwaida, yana ta washe baki wai yanzu Turawa sun tuna da mu, sun yi gimbiyar Afirka.

Na zauna muka kalla tare. An zuba kukoki, an zuba ganguna, ga mata da tuluna a ka. Ita gimbiyar kuwa launin shayin da aka cika wa madara ce, hanci siriri, gashi har ƙugu. Baƙaƙe na sosai biyu ne kacal a fim ɗin: kuyangar da ke ɗaukar mata tulu, da mayyar da ke neman halaka ta. Ruwaida shekararta bakwai a lokacin, baƙa ce wuluk, irin baƙin mahaifiyata mai sheƙi. Ta ɗora yatsa a kan kuyangar ta ce, "Mama, ga ni nan." Na yi dariya, don ban ga abin damuwa ba.

Cikin mako biyu fim ɗin ya zagaye unguwarmu a Tambuwal. Yara suka mai da shi wasa a makaranta lokacin tara. Kullum wata farar yarinya mai suna Zulaihat ce gimbiya, kullum Ruwaida ce mai tulu, da gwangwanin madara a ka tana bin ta a baya. Ranar da ta nemi a musanya, suka ce to sai dai ta zama mayya.

Da ta faɗa min, na yi mata huɗuba mai daɗi. Na ce baƙi kyau ne, na ce Allah ne ya yi ta haka. Tana saurare tana kallon hannuna.

Dole in faɗi abin da ke hannun nan. Ni ma baƙa aka haife ni. Ma'aikaciyar lafiya ce ni, na sha yi wa mata faɗa a kan bilicin, amma shekara huɗu ke nan ina shafa haɗin da wata mata ke dama min. Mijina Armaya'u ya tsani abin, don haka nake juye shi cikin robar man kaɗe in ajiye a kan madubi, inda babu mai zargi. Idan na je ƙauyenmu Fakku, mahaifiyata, Inna Hinde, ta ce na yi haske, sai in ce zaman ofis ne, ba na shiga rana. Ashe akwai mai ƙananan idanu da ta san wace roba nake buɗewa idan na tura ƙofa.

Da aka yi dogon hutu na damina, muka aika Ruwaida Fakku wurin Inna, kamar kowace shekara. Ita ta haɗa jakarta da kanta, har na yaba mata. Kwana biyu da tafiyarta na nemi robar na rasa.

Nan ne wurin da ba na iya yafe wa kaina. Zuciyata ta gaya min inda take. Amma Inna ba ta da waya, sai dai in kira yayana Rufa'i ya kai mata saƙo, kuma saƙon shi ne a ƙwace man kaɗe daga hannun yarinya. Zai tambaye ni dalili. Kafin la'asar dangi sun ji, kafin magariba Armaya'u ya ji. Sai na lallashi kaina cewa wata maƙwabciya ce ta ɗauka, na je aka dama min wani haɗin. Mako uku na yi ina wannan ƙarya, ina cin abinci, ina zuwa aiki.

Ranar wata Litinin da hantsi na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Inna ce ta shigo, ita da ba ta barin gona a tsakiyar damina, tana riƙe da hannun Ruwaida. An lulluɓe wa yarinyar kai da mayafi har haɓa. Inna ba ta tsaya gaisuwa ba, ta ciro robar daga ƙullin zanenta ta ajiye a tabarma.

"Hamdiya, mi kinka sa cikin robar ga?"

Na sunkuyar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Ɗiyar ga tac ce min ke kinka aiko, a riƙa shafa mata ga fuska. Na ga robar man kaɗe ta. Na ji warin bai yi min ba, nic ce ƙila na birni haka shike." Ta nuna min tafin hannunta. "Da hannuna nika shafa mata, safe da marece. Sannan mu tafi gona, rana ta buge ta. Tana kukan zafi ina ce mata ta yi haƙuri, uwarta ma'aikaciyar asibiti ta, ta fi mu sani."

Ta janye mayafin.

Na ga ƙuna iri-iri a wurin aiki, amma ban taɓa ganin ta a fuskar 'yata ba sai ranar. Kumatun biyu sun saɓule sun yi ja, goshin ya yi dabbare-dabbare, gefen ido ɗaya ya kumbura yana tsatstsafo da ruwa. Na san irin wannan tabo. Wani ya dushe, wani kuma mutum ya tsufa da shi.

Inna ta dube ni tun daga fuska har zuwa gaɓoɓin yatsuna, waɗanda suka ƙi yin fari duk shekarun nan. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce kawai, "Ashe zaman ofis ɗin ke nan." Ta juya ta zauna a bakin ƙofa, ta ba ni baya.

Na durƙusa gaban Ruwaida ina kuka, ina cewa ta yafe min. Ita ba ta yi kuka ba. Ta kama yatsana ta kai shi kusa da kumatunta, inda fatar ta ɓare ta bar wani wuri fari-fari kamar cikin rogo.

"Mama, daina kuka, ya fara yi," in ji ta. "Duba nan. In sauran ya ɓare duka, awa naki za ya zama." Ta yi ɗan murmushi, iyakar yadda kumburin ya bar ta. "In an koma makaranta, ba ni za ni ɗauki tulu ba ko?"