Rufin Ɗakin Murja

Shekara goma sha ɗaya da zuwan Nasara aka yi wata yunwa a ƙasar Gumel, wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Kafin bazara ta shigo mutanen ƙauye sun cinye iri, sun tone gidajen tururuwa, sun koma kan anza da ƙarangiya. Da waɗannan ma suka ƙare sai suka kama hanyar birni, wasu daga Maigatari, wasu daga Sule Tankarkar, wasu ma daga tsallaken iyaka ta wajen Damagaram. Suka zube a gindin ganuwa da rumfunan kasuwa, ba ɗaki ba tabarma.

A garin akwai wani mai baibaya da ake kira Dogo. Ya haura hamsin, kuma tun yana saurayi yake hawa jinka, babu unguwar da za ka shiga ba ka ga rufin hannunsa ba. Mutum ne marar yawan magana. A wannan shekara aiki ya tsaya masa cak, ga gidansa ya cika maƙil da dangin matarsa Asama'u, har zaure an raba shi biyu da zana.

Mai unguwarsu, Malam Ƙasimu, shi ya tsaya a kan maganar mutanen gindin ganuwa. Kusan kullum sai an ɗauki gawa a wurin, ga rana tana dukan yara, ga damina tana matsowa. Ya yi ta zarya wajen manya yana roƙon a ɗebi wani abu daga dukiyar jama'a a yi musu wurin fakewa, tun da dai daga harajin irin waɗannan talakawa aka tara ta. Wasu suka ce in aka gina ɗakuna duk mutanen tsallaken iyaka, inda Faransa ke mulki, za su kwararo. Wasu suka ce ba don wannan aka tara kuɗin ba. Sai da aka kusa wata guda sannan aka yarda da bukka ashirin a bayan gari, bisa sharaɗi ɗaya: ba mai shiga sai ɗan ƙasa wanda dagacinsa ya shaide shi.

Aka ba Dogo aikin. Ya yi murna, don ladan zai kai gidansa damina ko da kunu sau ɗaya a rana. Amma da ya fita neman ciyawa ya gane abin ba mai sauƙi ba ne. Daji ya zama fako, ba shuci ba gamba, ɗan abin da ya fito dabbobi sun lashe. Kwana uku yana yawo da jakunansa biyu bai haɗa dami ɗaya ba.

Ran na huɗu ya nausa kudu ta wajen Gagarawa, ya faɗa wani ɗan ƙauye da ake kira Garin Ubale. Ba kowa, ko kaza. Ɗakuna kuwa na nan tsaye da rufinsu, an jingina asabari a kowace ƙofa. A bakin rijiya ya tarar da wani mutum mai suna Cindo, ƙasusuwan haƙarƙarinsa duk a waje. Cindo ya ce shi ƙanen dagaci ne, dagacin ya rasu tun wata biyu, mutanen garin sun watse ba kuma za su dawo ba. Ya ce in bunu Dogo yake so, ga shi nan, ya kwashe duka a kan tiya huɗu ta gero.

Dogo ya daɗe yana kallon ɗakunan. Bai taɓa yaye rufin da mai shi bai sa shi ba. Amma ya tuna mutanen gindin ganuwa, ya tuna nasa gidan, ya gaya wa kansa cewa bunun nan in aka bar shi gara ce za ta ci. Ya koma ya faɗa wa Ƙasimu, aka auna geron, ya dawo ya hau. Sati biyu ya yi yana jigila, har ya bar garin bango tsirara.

Wata hantsi yana bayan gari yana kwance dami, bukka ta sha ɗaya ke nan, sai wani ɗan tandun kwalli ya faɗo daga cikin bunun. Dama mata kan soke ƙananan kayansu a rufi, ya sha tsintar tsinken kitso da ludayi. Cikin matan da ke zaune suna kallon aikin wata ta taso ta ɗauki tandun, ta juya shi, ta sake juyawa. Ba za ta wuce shekara talatin ba, zaninta ya koɗe, bayanta kuma wata tsohuwa ce makauniya riƙe da gefen zanin.

"Baba, ina ka samo wannan bunu?"

Ya ce Garin Ubale.

"Ɗakin da ke gabas da rijiya, mai bishiyar aduwa a ƙofa?"

Ya tuna ɗakin. Rufinsa ya fi na kowa kyau, sai da ya yaba wa wanda ya yi tankar a ransa kafin ya yanke ta.

Ta ce sunanta Murja, ɗakinta ne. Mijinta Bilya ne ya baibaye shi da hannunsa kafin ya tafi cin rani ƙasar Zazzau, tun daga nan ba labarinsa. Tsohuwar nan uwarsa ce. Ba watsewa suka yi ba, sun zo ne su jira ruwan fari su koma su yi shuka. Ta ce Cindo kuwa ba ƙanen dagaci ba ne, makiyayin dagacin ne. Ba ta ɗaga murya ba. Ta soke tandun a ƙugunta ta koma inda take zaune, tsohuwar tana tambayarta me aka ce.

Dogo ya kasa ci gaba da aikin ranar. Ya tafi ya sami Ƙasimu a zaurensa ya zayyana masa komai, ya roƙi a ba Murja da surukarta bukka ɗaya, tun da rufinta ne a kai. Ƙasimu ya ce sai da shaidar dagaci. Dogo ya ce dagacin yana kabari. Ƙasimu ya ce ya sani, ba su kaɗai ba ne, akwai ƙauyuka huɗu da haka ta same su, ya kuma kai maganar sama sau biyu, an ce a jira a naɗa sababbi bayan kaka.

"Ranka ya daɗe, ni na ga ɗakinta da idona. Ni na yaye shi."

"Na yarda da kai, Dogo. Amma ba ni na kafa sharaɗin ba. In na karya shi a kan mutum ɗaya za a ce na cika wurin da baƙi, a tsayar da aikin, sauran taran ma ba za a yi ba."

Dogo ya ce to a bar shi ya mayar mata da bunun. Ƙasimu ya ce an riga an biya shi da geron jama'a, ya zama na jama'a. Yana faɗa yana kallon ƙasa.

Aka gama bukkokin aka raba. Bukkar da aka yi don mutum biyar sai da ta ɗauki goma sha biyu, kuma waɗanda suka rage a waje sun ninka na ciki sau da yawa. Ranar rabon ba a yi hayaniya ba, mutane ba su da ƙarfin yi. Dogo ya yi wa Asama'u maganar su ɗauki matan biyu, ta kama hannunsa ta zagaya da shi gidan, ta ce ya nuna mata inda za su kwanta. Bai sami wurin nunawa ba.

Sai ya tattara ɓurɓushin bunu da 'yan karare ya kafa wata 'yar rumfa a bayan bukka ta ƙarshe, wadda mutum ba ya iya miƙewa a cikinta. Ƙasimu ya zo wucewa ya gani, ya kau da kai. Nan Murja ta shigar da tsohuwar. Kullum da rana Dogo yakan rage rabin kununsa ya kai musu a ƙoƙo. Tsohuwar takan shafa rufin da hannu ta ce wannan ba aikin Bilya ba ne, Bilya ba ya barin rufi sako-sako haka. Dogo yakan ce gaskiya ne, Iya. Kwana goma sha takwas tsohuwar ta yi a rumfar ta rasu, Dogo da wasu mutum uku suka kai ta makwancinta.

Ba a yi sati ba ruwan fari ya sauka, mai yawa. Da gari ya waye duk mai sauran ƙafa ya kama hanyar gona, da 'yan tsabar irin da ya samu. Murja ta zo ta yi wa Dogo sallama. Ya ce ta dakata, ina za ta kwana? Ta ce in ba ta shuka yanzu ba baɗi ma nan za ta dawo, kuma in Bilya ya komo can zai neme ta. Ya kwance 'yar rumfar ya ɗaure mata bunun, dami ɗaya ne ƙarami, ta ɗora a kai. Ya yi mata alkawarin yana nan tafe da zarar ciyawa ta yi tsayi, zai yi mata rufi sabo.

"Allah ya kai mu, Baba," ta ce, ta tafi.

Damina ta yi kyau, amma ta fi bazara wuya, don abinci bai nuna ba tukuna. Jakunan Dogo suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Shi ma zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙafafunsa suka kumbura, sai da aka fara cin tumu sannan ya iya takawa zuwa masallaci.

Da kaka ya ari jaki, ya yanki shuci ya yanta shi, ya tafi Garin Ubale. Gida uku kawai ya tarar da mutane. Sauran ɗakunan ruwa ya zauna a kan bangonsu har suka zube, ciyawa ta fito a tsakiya, na gabas da rijiya ma haka. Wani tsoho ya ce masa Murja ta dawo, ta yi shuka, ta yi noman fari tana kwana a gindin aduwa. Daga baya ciwo ya kama ta, wasu fatake masu zuwa Haɗeja suka ɗauke ta don ta ce tana da ƙanwa a can. Ko ta isa, ba wanda ya sani. Geronta ya yi, maƙwabta suka yanke suka ajiye mata dami shida.

Dogo ya tambayi ko akwai mai buƙatar rufi. Tsohon ya nuna nasa ɗakin, wanda ya rufa da kara da ganye. Dogo ya sauke shucin ya hau, ya yi kwana biyu yana baibaya, bai karɓi komai ba. Ran na uku ya bar saƙo cewa in Murja ta dawo a aika masa Gumel, unguwar Malam Ƙasimu, sannan ya kora jakin ya koma gida. Ba a taɓa aikowa ba.