Irin Shuɗin Fure

Shekara goma sha biyu ke nan Mai Kek ba ta bar fure ɗaya ya yini a jikin katangarta ba. Da safe take bin yaɗon da ƙwarya, ta tsinke furannin tas, ta jiƙa su a ruwan zafi, ta rina kek ɗinta shuɗi. Daga gidan mahaifiyarta ta kawo irin, kuma tuni aka rushe gidan can.

Sai da mai gidan haya ya ce su tashi ranar Asabar, sannan ta shiga neman irin da za ta tafi da shi. Ta ɗaga ganye, ta leƙa bayan randa, ko kwanso ɗaya babu. Ina zai fito? Ƙwazonta ne ya cuce ta, furen da aka tsinke ai ba ya 'ya'ya. Ta gwada tono saiwar, ashe ta shige ƙarƙashin siminti.

"Ki yanki reshe mana," in ji mijinta.

"Na gwada sau uku, Malam, bushewa yake. Abin Inna ke nan da ya rage min."

Ta zauna kan turmi, kuka ya ƙwace mata.

Ranar Juma'a aka yi sallama. Maƙwabciyarta ce, mai ɗinki, wadda suka shekara biyu ba ko gaisuwa saboda rigimar magudanar ruwa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta miƙo gwangwanin madara. Mai Kek ta buɗe, sai ga iri baƙi wuluk ya kusa rabi.

"Reshen da ya tsallako gidana ne, inda hannunki ba ya kaiwa," in ji mai ɗinki tana kallon gefe. "Kullum sai na share dattinsa."

"Shi ne ba ki sare shi ba?"

"Na sha ɗaukar almakashi. Sai in ga ya yi kyau."

Mai Kek ta yi dariya, hawaye na zuba, kunya da daɗi suka haɗe mata.

"Kar ki ɗauka duka ne," in ji mai ɗinki. "Na ɓoye rabi. In naki ya ƙi fitowa, dole ki tako ki zo."

"In ya fito fa?"

Mai ɗinki ta gyara mayafi, muryarta ta yi ƙasa.

"Sai ki ce min bai fito ba."