Irin Albasar Inna Azumi

Bayan zaɓen nan da aka yi ta rigima a kansa, Aliero ta cika da masana. Kowa da rediyo a kunne, kowa ya san inda ƙasa ta dosa. Inna Azumi kuwa abu ɗaya ta sani: irin albasa ba ya shekara biyu a ajiye. Jar albasar da marigayi mijinta ya yi suna da ita har Kurmi, irinta na bana yana cikin gora a ɗakinta. In ba a yafa shi ba, an rabu da ita ke nan har abada, kuma wannan tunanin yana ci mata rai ƙwarai.

'Ya'yanta maza biyu ne, babu mai niyyar taɓa fartanya. Maccido, babban, jam'iyyarsu aka ce ta ci, don haka kullum yana Jega cikin babbar riga, yana jiran injin ban ruwa da aka yi musu alkawari. Attahiru kuwa tasu aka ce ta faɗi, ya rantse maguɗi ne. Tun ranar sanarwa ko gaisawa ba sa yi.

"Inna, ki ƙara haƙuri, inji na tahe," in ji Maccido.

"Inna, wa za mu noma ma?" in ji Attahiru. "Ƙasag ga rabewa za ta yi, motocin Kurmi sun bar zakkuwa."

Ta ce, "To, wanda yac ci da wanda yah hwaɗi, an hana musu miya?"

Kowannensu ya tashi ya kama gabansa.

Washegari da hantsi, lokacin da majalisar bakin kasuwa ta cika, Inna Azumi ta ratsa ta gabansu, gora a ka, fartanya a kafaɗa. Ga hanyar bayan gari, amma ta ƙi binta. Duk wanda ya tambaya sai ta amsa da ƙarfi, "Hwadama za ni, ɗiyana na aikin gyaran ƙasa."

Ko fangalin shuka ɗaya ba ta gama ja ba Attahiru ya iso yana haki, ya karɓe fartanyar. Can sai ga Maccido, kunya ta koro shi daga tashar motar Jega, ya tuɓe rigar ya kama jigon ɗebo ruwa. Kowa ya ɗaure fuska. Ita kuwa ta zauna a kan kunyar fangalin tana yafa iri, hankalinta kwance, don ta ga mulki iri-iri, kuma ba ta taɓa ganin ranar da motoci suka fasa zuwa ɗaukar albasa ba.

Ruwan jigon ya kwararo da ƙarfi, ya fara jan irin zuwa gefe. Attahiru ya ɗago a firgice.

"Yaya, sassauta! Irin Baba na ka kwashewa!"

Maccido ya sassauta.