Ƙullin Lokotoro Kyari

Sallau wanzami ne a Dogo, kamar ubansa. Da hannunsa ya cire wa 'yarsa Tani beli tana jaririya, amma da ta kai shekara bakwai, kowace damina sai maƙogwaronta ya kumbura har ta kasa haɗiyar yawu. Bayan girbin 1958 ya ɗora ta a jaki suka nufi Zinder.

A gidan likita suka tarar da likitan, Lokotoro Kyari, ɗan unguwar Birni wanda ya yi karatu a Dakar. Ya danne harshenta da cokali ya leƙa, ya ce 'ya'yan wuya ne suka ruɓe, sai an cire su. Sallau ya ce ya san aikin, ya kuma san yawan jinin da ke biyo baya, shi ya sa bai taɓa nata ba.

Lokotoro bai yi masa musu ba. Ya buɗe akwatin ƙarafansa ya nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi ba ya datsewa, ɓarewa yake yi a hankali, kamar gyaɗa daga ɓawonta, duk jijiyar da ta yi jini kuma ya ɗaure ta da zare.

Ranar Talata da hantsi aka sa Tani barci aka yi aikin. Sallau yana zaune gindin itacen bedi har azahar. Da ta farka ya duba matashinta, ɗigon jini biyu kawai ya gani. Washegari ta sha kunu mai sanyi tana ɓata fuska. A rana ta huɗu ta nemi tuwo.

Da za a sallame su, Sallau ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa.

"Lokotoro, ƙullin nan nake so ka nuna mini. Sanyi ya kusa, akwai yara goma sha ɗaya da ke jiran kaciya."

"Zauna, Baba. Amma zaren sai an dafa shi, haka ma askar."

Suka ɗaura zare a ƙafar kujera. Sau uku ƙullin Sallau yana kwancewa, a na huɗu ya kama. Lokotoro ya ja da ƙarfi bai motsa ba, sai ya naɗe masa sauran zaren a takarda.

A hanyar gida Tani ta yi ta surutu har Mirriya, inda suka tsaya ta sha fura.