Sunan Paskalis

Yaron ya kusa fara rarrafe amma ba shi da suna. A Volos ta ƙasar Girka wannan ba abin magana ba ne, sai ranar baftisma ake raɗa wa yaro suna, kafin nan kowa Jariri yake ce masa. Abin da ke cin ran Stamatiya shi ne an riga an tsayar da rana, Lahadin da ke bin idin Paska, wato Ista, amma Fotini matar ɗanta ta kafe ba za a sa wa yaron sunan kakansa ba.

Kakan shi ne Paskalis, mijin Stamatiya, wanda aka binne bara bayan ƙurar siminti ta gama cinye masa huhu. Jikan fari kuwa sunan uban ubansa yake ɗauka, haka aka tarar. Idan wannan yaro bai ɗauka ba, babu mai ɗauka, domin Tanasis mijin Fotini kaɗai suka haifa.

Ranar Alhamis ta makon idi Stamatiya ta sauko ƙasa wajensu cikin baƙaƙen kayanta. Ita bana ba ta rina jajayen ƙwan idi ba, gidan da ke makoki ba ya taɓa jan rini. Ta tarar da Fotini a kan tukunya, yatsunta jajur.

"Fotini, saura kwana nawa? Me za a gaya wa mai riƙe yaro a baftisma?"

"Mama, na gaya miki, ba marigayi nake ƙi ba. Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sunan ne. Paska, pasko, a Girkancinmu ina shan wahala ke nan. Ko ɗan aji ɗaya ya san haka. Ki duba rayuwar da ya yi mana: yunwar yaƙi, karayar ƙafa, ga tarin nan. Na binne ɗaya, Mama. Ba zan kira wa wannan wahala da bakina safe da yamma ba."

'Yar farin Fotini ko sati ba ta yi a duniya ba, kuma ita ma Stamatiya haka ta san ma'anar sunan. Shi kansa Paskalis idan tari ya sake shi cewa yake, "Tsohuwata ta san abin da ta haifa, ta kira shi da sunansa."

Sai ta juya kan ɗanta, wanda ke bakin ƙofa yana neman takalminsa.

"Kai kuma fa, gunki? Uban wa ake magana?"

"Mama, ku daidaita tsakaninku. Jirgin ruwa ya shigo tasha, ana jirana."

"Jeka. Da ubanka jirgi ne da ka tsaya masa."

Ta fito tana huci, sai ga Alegra maƙwabciyarta tana kakkaɓe aljihunan rigar sanyi a bakin ƙofa. Alegra Bayahudiya ce, tsohuwa, kuma bana idinsu ya zo daf da na Kiristoci, don haka ta tayar da gidan tana farautar ɓurɓushin burodi, domin ba a barinsa a gida lokacin idinsu.

"Uwargida Stamatiya, wa ya taka miki jela da sassafe?"

Stamatiya ta zauna a dakali ta zazzage mata komai. Alegra ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

"Wahala? Kai, Girkawa! Duk abin da ya yi kama da naku sai ku ce naku ne. Sunan namu ne, 'yar uwa. Aro kuka yi ba ku mayar ba, kamar farantina da ke ɗakinki tun Kirsimeti. Pesah muke cewa, bakinku ne ya murɗe shi."

"To me yake nufi?"

"Ƙetarewa. A Masar aka ce kowane gida ya yanka ɗan rago ya shafa jinin a ƙofa. Mutuwa ta zo ɗaukar 'ya'yan fari, duk ƙofar da ta ga jini sai ta ƙetare. Kin zaci don me kuke gasa rago?"

Maimakon ta ji sanyi, sai Stamatiya ta ƙara harzuƙa.

"Ƙetarewa? Wa ta ƙetare? Ƙofata ai ba ta ko tambayi hanya ba."

Alegra ta ci gaba da kakkaɓe rigar. Yayyenta biyu suna aure a Salonika lokacin da Jamusawa suka kwashe Yahudawan garin, ko ɗaya ba ta dawo ba.

"Ni za ki gaya wa?" in ji ta. "Ma'ana kika tambaya, na faɗa miki. Ban ce lamuni ba ne."

Stamatiya ta ji kunya, amma kunyar ba ta hana ta kama hannun tsohuwar ta ja ta har gaban tukunyar Fotini ba. Alegra ta maimaita. Fotini ta saurara da ladabi, ta goge hannu.

"Uwargida Alegra, da girmanki. A dakali kuka kitsa wannan ke da Mama?"

"Ni? 'Yar nan, ina da ɗakuna uku ban share ba."

"Sai na ji daga bakin limami."

Haka suka tafi coci da yamma, Stamatiya a gaba, Fotini a baya da yaro. Suka tare limamin yana sauri da kyandirori a hannu. Ko tsayawa bai yi sosai ba.

"E mana, daga Ibrananci ne, ƙetarewa. Sautin ne kawai ya zo ɗaya da tamu kalmar. Ai kowa ya san wannan."

"Kowa?" Muryar Stamatiya ta cika cocin har mata masu jera furanni suka waiwayo. "Baba, kai ka ɗaura mana auren ɗanmu, kai ka binne mijina. Kowace shekara yana tsaye a can yana tari kana wa'azi. Mutumin nan ya shiga kabari yana zaton sunansa Wahala, kai kuma kana riƙe da wannan a ciki?"

"'Yata, bai tambaya ba."

"Mai ɗaukar buhun siminti ina ya san abin tambaya ne?"

Fotini ta ja ta waje. A matakala ta tsaya tana kallon yaron, ta daɗe, sannan ta ce, "'Ya'yan fari kika ji Alegra ta ce? Tawa ta farin ai ta tafi." Can sai ta gyara wa yaron hula. "To. A sa masa, ko mutuwa ta ƙetare wannan."

Ranar baftisma limamin ya tambayi suna, mai riƙe yaro ya ce Paskalis da ƙarfi, aka tsoma yaron yana tsala ihu. Stamatiya ta yi kuka har gyalenta ya jiƙe.

A wajen cin abinci uwar Fotini ta ɗaga yaron sama. "Wannan dogon suna ya yi wa ɗan mitsitsin nan nauyi. Lakis! Laki na!"

Teburi ya ɗauka da tafi. Fotini ta faɗa, ta sake faɗa, fuskarta ta saki irin yadda ba ta yi ba tun haihuwa. Har Tanasis ya ɗaga kofi.

"Lakis na kowa ne," in ji Stamatiya. "Mai gyaran keke ma Lakis ne." Babu wanda ya ji ta.

Kafin rani ya ƙare yaron ya san sunansa. Idan aka ce Laki sai ya waiwayo yana dariya. Stamatiya takan sauko da safe, ta durƙusa da ƙyar a gabansa, ta kira shi Paskalis, a cike, ba ta rage ko harafi. Yakan ci gaba da tauna cokalinsa.