Maɓallai Biyu a Kan Kibod

"Karanta min," in ji Baba Tafireta.

Na leƙa fuskar kwamfutar. Layi shida ya buga, babu kalma ɗaya ta mutane a ciki. Haruffa ne a cakuɗe kamar an watsa tsakuwa.

"Ka kurmance ne, Dogo?"

"Baba, ba ya karantuwa."

Ya janye hannayensa ya ɗora a cinya.

Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya. Shekara arba'in yana buga wa mutane takardu a bakin kotu, har aikin ya cinye sunansa. Ciwon suga ya tafi da idanunsa, ya kashe masa kan yatsu, ya buɗe masa gyambo a ƙafa. Ni kuwa tun da na gama sakandare ba ni da wurin zuwa, sai innata ta ce in riƙa leƙa shi. Ɗakin warin ruɓa yake da na man zafi. Da baki nake numfashi in na shiga.

Da yana da tsohon kibod, mai kauri, mai ƙara. Ko da ya makance yatsunsa sun san hanya a kai. Bara ɗansa Injiniya ya zo, ya yi rabin yini. Ya ɗaga kibod ɗin da yatsa biyu ya kife. Ɓarɓashin abinci ya zubo, da gashi, da mataccen kyankyaso. Ya jefa shi a bola, ya koma ya aiko da sabo: fari, siriri kamar bangon littafi, ba waya. Madannansa a kwance dab da juna, ka danna ba ka ji ka danna ba. A jikin kwalin an rubuta wai ba ya gajiyar da hannu.

"Kamar ina shafa faranti," in ji Baba.

Akwai 'yan ƙuraje biyu a kan F da J, inda ake ajiye manuniya. Ni ina jin su. Shi ba ya ji.

"Ka faɗa min, ni in buga," na ce.

"Kai? Da yatsa biyu, kamar kaza tana tsince hatsi? Na buga wa mutane ƙara, na buga wasiyya, na buga roƙo. Ban taɓa ba wani tawa ya buga min ba."

"Wa za ka rubuta wa?"

"Injiniya. In na kira, yana mitin. Takarda kuwa dole a karanta ta."

Gwaggo, ƙanwarsa da ke jinyarsa, ta shigo da roba da tsumma za ta wanke ƙafar. Ƙudaje suka biyo ta.

"Yaya, kai da wasiƙar nan! Ka bari in wanke ka tukuna."

"Miƙo min farar rigata da reza."

"Me za ka yi da su?"

"Dogo zai yanko maɓalli biyu."

"Rigar fitar taka ɗaya tilo?"

"Fita ɗaya ta rage min, ita kuwa ba ta neman maɓalli."

"Allah ya shirye ka, Yaya," ta ce, amma ta miƙo.

Na yanko. Na sayo gam a shago na manna ɗaya a kan F, ɗaya a kan J. Muka jira ya bushe, Gwaggo tana kwance bandeji, ni ina kallon silin.

Ya laluba. Yatsunsa suka sami maɓallan suka tsaya cak. Ya gyara zama.

Dukan tafireta yake yi wa madannan. Kibod ɗin ba nauyi, sai gudu yake a kan tebur. Dole na durƙusa na riƙe shi ta gefe biyu, hancina saitin ƙafar. Yawu ya cika min baki. Ban saki ba.

"Karanta."

Na karanta. "Ɗana, na gode da kibod. Kada ka sake aiko komai. Likita ya ce a yanke ƙafar, na ce a'a. Ka zo da kanka kafin ƙarshen mako. Babanka."

"Kuskure nawa?"

"Babu."

"Ai na sani. Tura masa."

Na ɗauki hoton fuskar kwamfutar da wayata na tura. Ban lura ba ashe kibod ɗin ya fito a ƙasan hoton, da hannayen Baba a kai. Ba a daɗe ba saƙon murya ya shigo. Na danna ban yi tunani ba.

"Kai, ma sha Allah! Baba ya saba ke nan! Ai na faɗa muku, wannan ko yini za ka yi a kai ba ka gajiya. Amma mene ne wancan kuka liƙa masa? Dogo, kar ku ɓata shi fa. Zan kira an jima."

Gwaggo ta matse tsumma a cikin roba, ba ta ɗago ba.

"Sake sa shi," in ji Baba.

Na sake.

"Bai karanta ba."

"Wataƙila hoton ne bai fito sosai ba."

"Dogo, ban aike ka ƙarya ba."

Sau huɗu na kira Injiniya a ranar. Na rubuta masa cewa ya karanta abin da ke cikin hoton. Ya turo min hoton babban yatsa.

Ranar Alhamis da hantsi Gwaggo ta fita ɗora ruwan zafi. Ta dawo ta same shi ya jingina da bango, baki a buɗe. Kukanta na ji ta katanga.

Injiniya ya iso ranar Asabar. Ya yi kuka a ƙofar gida, kukan gaske, ban ce a'a ba. Da la'asar na shiga ɗakin na tarar da shi yana haɗa kaya, hankici a hanci. Ya ɗauki kibod ɗin yana ɓamɓarar maɓallan da makullin mota. Ɗaya ya fita ya gangara ƙarƙashin gado.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Ni."

"Abu mai kyau haka, ka zuba masa gam? Kai ba ka da hankali ne?"

Na kunna kwamfutar na buɗo wasiƙar, na juya masa fuskar.

"Karanta."

"Na gani a waya."

"Ba ka gani ba, Yaya. Karanta."

Ya harare ni. Sannan ya sunkuya. Leɓɓansa suna motsi. Ya kai ƙarshe ya dawo farko.

"Yaushe ya rubuta wannan?"

"Litinin."

Ya zauna a kujerar Baba. Hankicin ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Na fita tsakar gida na tofar da yawun da ke bakina. Gwaggo tana wanke robar a bakin famfo.

Ta taga ina hango shi. Ya ajiye kibod ɗin a tebur, makullin a gefe. Yatsansa ɗaya yana kan maɓallin da ya rage, bai danna ba.