Ƙwan Da Ya Ƙi Dahuwa

Tun hantsi tukunyar ke kan wuta, amma ƙwan ya ƙi dahuwa. Bashira, maƙwabciyar da ta zo taya aikin suna, ta fasa ɗaya ta tarar da farin yana malala kamar yauƙin kuɓewa. Ta ƙara wuta, ta barbaɗa gishiri, ta sake fasa wani. Haka dai.

"Hureira, ke mai karatun dabbobin ruwa, zo ki ga ƙwan ƙasar nan. Shi ma taurin kai gare shi irin naki."

Hureira ta ajiye albasar da take yankawa. Tun ranar da ta sauka Kuala Lumpur take zaune a wannan gida na unguwar Wangsa Maju. Muttaka da matarsa Walida, mai jegon, su suka ba ta ɗan ƙaramin ɗaki, don kawai duk 'yan Haɗeja ne. Ba ta da wani masauki sai nan.

Ta leƙa tukunyar. Ƙwan kewayayye ne, ɓawonsa da laushi kamar fata, gefe ya lotsa.

"Ko kwana zai yi a wuta ba zai daskare ba," in ji ta. "Na kunkurun teku ne."

Ta san shi sarai. Watanni ta yi a gaɓar tekun gabashin ƙasar tana ƙidayar ramukan da iyayen ke haƙawa a rairayi, rana ta gasa ta, ƙwari suka cinye mata ƙafafu. A gida ana yi mata dariya, wai an tura yarinya neman digiri ta koma gadin kunkuru. Ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kan hakan ba.

Ta aika aka kira Muttaka daga cikin baƙi.

"Yaya, ina ka samo wannan?"

"Tsarabar tafiyata ce. Wani mai shago a bakin hanya ya zaro min daga ƙarƙashin tebur. Ya ce ba abin da ke mayar wa mai jego ƙarfi kamarsa. Don Antinki na sayo."

"Wane shago? A wane gari?"

Ya yi dariya. "Uwar kunkuru ta tashi. Teku cike yake da su, Hureira. Da idona na gan su."

"Tsofaffin ka gani, Yaya. Kunkuru kan yi shekaru masu yawa kafin ta fara ƙwai, kuma cikin ɗimbin 'ya'yan da ke gangarawa ruwa, ɗaiɗaiku ne ke girma. In ana kwashe ƙwan, iyayen za su yi ta zuwa, kowa na cewa lafiya lau. Ranar da suka mutu, sai a waiga a ga ba na baya."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya rage murya. "Mu baƙi ne a ƙasar nan, biza ce ke riƙe da mu. Ba zan sa sunana a bakin hukuma saboda kunkuru ba. In kika fitar da maganar nan daga gidana, ki bi ta."

Daga uwar ɗaki Walida ta ce, "Hureira, yau suna ne. Ki bari ya wuce mana."

"Sunan zai wuce, Anti. Mai shagon kuwa gobe ma zai buɗe."

Hureira ta koma ta ƙarasa yanka albasarta, ta haɗa farfesun ƙafar saniya da yaji mai kyau, ta kai wa Walida har gado. Ta karɓi jaririyar ta riƙe har mai jego ta shanye kwanon. Sannan ta buɗe firij, ta ɗauko ledar sauran ɗanyen ƙwan, ta jera su a kula ta rufe da ƙanƙara. Ba za su ƙyanƙyashe ba, tafiyar mota ta riga ta kashe su. Amma a ɗakin gwaji malamarta ta jami'a na iya gano daga wane yankin gaɓa iyayensu suke, masu tsaron wurin su san inda ake yi musu ɓarna.

Muttaka na tsaye a ƙofa lokacin da ta fito da jakarta.

"Ina za ki kwana?"

"Ƙawata Hussaina na da tabarma a unguwar Sri Petaling. Na kwana a rairayi, Yaya, siminti ba zai gagare ni ba. Sunanka ba zai fito daga bakina ba. Na gode da riƙo."

Bashira ta biyo ta har bakin lif da ludayi a hannu. "To na tukunyar fa?"

"Kashe wutar."

A jirgin ƙasa ba wurin zama. Hureira ta tokare jakar da ƙafa, ta rungume kular a ƙirji, sanyin ƙanƙara na ratsa hijabinta. Da hannu ɗaya ta lalubo lambar malamarta, ta danna kira.